Baƙin Gefe a Hoton Mai Rai

Yasika, ƙarshen Satumba

Boyanco ɗana,

Gaisuwa mai yawa daga gidan nan da ka sani, da fatan iskar tekun Porto, can Fotugal, ba ta sake tayar maka da tarin nan ba. Mu kam lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ta fara sanar da ni sanyi ya kusa. Gari ya cika da ƙaurin gasasshen tattasai. Na gama dafa lyutenitsa ta bana, miyar tattasan nan da muke ajiyewa don sanyi, na ware maka kwalabe huɗu, sai an samu mai zuwa wajenku.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutu, tunda waya ba ka ɗauka. Shafin intanet da ka gina wa Gidan Karatu, cibiyar al'adun garinmu, bayan rasuwar babanka ya zama abin da ba mu zata ba. Rabin mutanen Yasika suna Sifaniya da Jamus da Italiya. Ba sa wucewa ta ƙofar coci balle su ga takardun rasuwa da ake liƙawa, don haka shafinka ne ƙofar cocinsu. Amma duk abin da za mu sa sai mun aiko maka, mu zauna jira. Makon jiya takardar arba'in ɗin matar maƙeri ta hau ne bayan an gama rabon dafaffiyar alkamar sadaka an wanke kwanuka. 'Yarta ta kira ni daga Milan, abin da ta faɗa mini ba na rubutawa ba ne.

Yarana na ajin kwamfuta na Asabar su goma sha ɗaya ne bana. A cikinsu akwai Nevena, 'yar shekara sha shida, mai kai kamar naka amma ta fi ka ladabi. Ita ta nuna mini cewa akwai wani allo da ake haɗawa da saba, wato na'urar da ke riƙe da shafin, mutum ya ja hoto da linzami ya ajiye inda yake so, yana ganin shafin kamar yadda zai fito, ba sai ya rubuta layin umarni ko ɗaya ba. Ta ce namu zai ɗauka. Na ce zan tambayi mai shi. To ga shi na tambaya, ka kuma san yadda tambayata take, ba ta gajiya.

Akwai wani dalilin kuma. Uwargida Kaneva, shugabar kwamitin Gidan Karatu, ta daɗe tana hangen ɗakinmu, tana so ta mai da shi ma'ajiyar kayan masu rawa. Kullum cewa take yaran wasa suke yi da wutar jama'a. Ina so in nuna mata aikin hannunsu, ba aikin wani ɗan'uwana da ke bakin teku ba. Shekara talatin na yi ina koyar da lissafi, ban taɓa ganin yaron da ya koyi abin da aka hana shi taɓawa ba.

Ka ci abinci mai zafi.

Goggonka,
Rumyana

*

Porto, farkon Oktoba

Goggo Rumi,

Na ga saƙo, na gode. Tari ya tafi. Gwiwar nan likita take so, ba ganyen kabeji ba.

Na haɗa muku allon. Asabar da Lahadina duka a kansa suka ƙare, don sabar tamu tsohuwa ce, sai da na buɗa mata wata ƙofa da allon zai riƙa shigar da abin da kuka zana. Kalmar sirri na tura miki ta waya. A hagu za ku ga guntaye: hoto, rubutu, layi, katin mutum. A ja, a ajiye, a danna koren maɓalli, shi ke nan ya hau.

Babu wurin gwaji tukuna, abin da aka danna duniya ta gani. Katin mutum kuma mazubi ɗaya ne a duk shafin, don haka a cika shi kawai, kada a gyara mazubin sai na samu sarari.

Muna da babban aiki a ofis har ƙarshen wata. In kin ji ni shiru kada ki ce na mutu.

Boyan

*

Yasika, tsakiyar Oktoba

Boyan,

Ina fatan kana lafiya, don ba ni da wata hanyar sani. Na kira har yatsana ya gaji. Ni lafiyata ƙalau. Ba zan ce haka game da Zlatka 'yar tsohon nan Dyado Stamen ba, wadda aka kwantar a asibitin gunduma saboda hawan jini. Zauna ka karanta.

Ranar Asabar muka buɗe allonka. Ban taɓa ganin yaran nan cikin murna irin ta ranar ba. Aikin farko da ya zo shi ne takardar cika wata shida da rasuwar Tihomir mai raba wasiƙu. Nevena ta ja katin mutum, ta sa hotonsa da sunansa da shekarunsa. Muka duba, abin ya fito fari fat kamar katin shiga bas. Wa ya taɓa liƙa takardar mamaci a Yasika babu baƙin gefe? Ta zagaye katin da baƙi, ta sa gicciye a sama, a ƙasa ta rubuta, "Ka huta lafiya, ba za mu manta da kai ba." Ina tsaye a bayanta. Ni ce ma na ce ta ƙara wa baƙin kauri. Ta danna koren maɓallinka, muka ci banitsa, burodin nan namu mai cuku, kowa ya tafi gida.

Ka tuna abin da ke fuskar shafin tun farkon wata? Gaisuwar cika shekara tamanin ta Dyado Stamen, mai yi wa mawaƙanmu kiɗan akodiyon. Kai ka ɗora ta da hannunka, a cikin katin mutum. Daga lokacin da yarinyar nan ta danna, duk wanda ya buɗe shafin Yasika a ko'ina a duniya, abin da ya fara gani shi ne Dyado Stamen yana murmushi cikin baƙin gefe, gicciye a kansa, ana ce masa ya huta lafiya. Ba shi kaɗai ba. Mawaƙa duka, da fadan coci, da ita kanta Uwargida Kaneva, duk an binne su a shafukan ciki. Amma shi ne a ƙofa.

Zlatka ta gani a Valensiya. Ta kira wayar gida ba a ɗauka ba, don tsohon yana wajen tukunyar dafa rakiya, giyar nan tamu ta gida, ka san lokacinta ne, kuma in ya je can ba ya tuna yana da gida. Ta kira maƙwabciya, ita ma shafin ta gani, sai ta fashe mata da kuka. Zlatka ta hau jirgin farko zuwa Sofiya, babban birninmu, ta ɗauki tasi har ƙofar gida, cikin baƙaƙen kaya. Kafin ta iso mata sun fara taruwa da furanni bibbiyu, irin na makoki. Dyado Stamen ya dawo da jarka a hannu ya tarar da su a tsakar gidansa. An ce ya tsaya ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Wa ya kashe ni bai gaya mini ba?" Wasu sun yi dariya. Ana cikin haka tasi ya tsaya, Zlatka ta buɗe ƙyaure ta ga ubanta a tsaye, ta yanke jiki ta faɗi. Daga nan babu wanda ya sake dariya.

Nevena ce ta gano abin ranar Lahadi, ta zo mini a guje, ta cire baƙin da kanta. Amma aikin gama ya gama.

Kada ka ce ban karanta layinka ba. Na karanta. Na ɗauka mazubi shi ne kan shafin, inda tambarin gari da launuka suke, na kuma hana yara taɓa can. Allon bai ce mana komai ba. Bai tambaya ba, bai yi ja ba, bai ce abin da kuke yi zai shafi mutum hamsin ba. Ina tambayarka, wane irin tunani ne ya sa ka zuba masu rai da matattu a mazubi ɗaya?

Uwargida Kaneva ta kira taron kwamiti mako guda kafin Asabar ɗin matattu, ranar da muke tunawa da mamatanmu, magana ɗaya ce a gabansu: rufe ajina. Na ce musu ɗan'uwana ne ya gina abin, zai yi bayani. Ka rubuta wa kwamiti yadda abin ya faru, cikin harshen da tsofaffi za su gane. Kada ka jinkirta.

Rumyana

*

Yasika, ƙarshen Oktoba

Boyan,

Ban san ko kana lafiya ba, amma na san yatsunka suna aiki.

Asabar da ta wuce yara shida suka zo daga cikin sha ɗaya. Na zaunar da su, na sa kalmar sirri, allon ya ce ba ni da izini. Na sake sawa a hankali kamar tsohuwar da ba ta gani, ya sake cewa ba ni da izini. A gaban ɗalibaina. Ka kulle mu daga Porto, ba ka ga ya dace ka rubuta mini kalma ɗaya ba. Na ce musu wuta ce ta yi wasa da na'urar. Ban taɓa yi wa ɗalibi ƙarya ba sai ranar, kuma sun gane.

Wannan ma da sauƙi. Jiya na shiga kantin burodi na tarar da Uwargida Kaneva da wayarta a sama, mata sun kewaye ta. Da ta gan ni sai ta ce in matso, ai ɗan'uwan nawa ya yi bayanin da na yi alkawari. Ta karanta da ƙarfi: "Na'urar ba ta lalace ba, ta yi abin da aka umarce ta. Kuskuren daga wajen mai amfani da ita ne. Na rufe hanyar." Sunanka a ƙasa. Ta ce, "Malama, ko shi ma ƙarya yake yi?" Na sayi burodina na fita, ban san wanne na ɗauka ba.

Ashe kana da lokacin amsa mata. Ni da na goya ka a bayana ranar da uwarka ke jarrabawa, ni ce ba ka da lokacina.

Ka san wace ce mai amfani da ita ɗin? Tana da suna. Tun ranar nan Nevena ba ta tako Gidan Karatu ba. A makaranta samari sun sa mata suna mai haƙa kabari, in ta wuce sai su cire hula su sunkuyar da kai. Uwarta ta tare ni a hanya ta ce ta ba ni yarinya in koya mata sana'a, na mai da ita abin nuni. Yarinyar da ta gano ɓarnar ta gyara ta lokacin da kai ba a san inda kake ba. Da layi uku ka ɗora mata duka a ka, ka miƙa wa matar nan abin da take nema tun bara.

In da laifi a ɗakin nan nawa ne, ni ce babba, ni na ce a ƙara kauri. Haka zan faɗa wa kwamiti. Amma ba za su ji ni ba, don yanzu suna da maganar injiniya daga Turai ta yamma.

Zlatka ta fito daga asibiti ta koma bakin aikinta. Ba ta gaishe ni ba kafin ta tafi.

Kwalabenka suna nan a ƙarƙashin bene. Ban fasa su ba, amma na yi tunanin hakan.

Rumyana

*

Porto, ƙarshen Oktoba

Goggo,

Ina lafiya. Na yi farin ciki da Zlatka ta tashi. Ta tashi sosai ma, don ta samo lambata ta kira ni ina tsakiyar taro da shugabanninmu, ta ce mini ɗan da bai san darajar uba ba, da wasu kalmomin da na manta muna da su a harshenmu. Wa ya nuna mata ni? Ke kika tsaya a gaban gari kika ce ɗan'uwanki zai amsa, tun kafin ki ji ta bakina.

Bari in faɗi nawa. Na gaya miki muna da babban aiki, na gaya miki zan yi shiru. Wasiƙarki ta tsakiyar wata na buɗe ta a jirgin ƙasa, na ga abin da ya faru. Abin da ya zo mini shi ne in rufe ƙofar kafin wani ya sake danna wani abu. Haka ake yi a aikinmu: a tsai da jini tukuna, magana daga baya. Na ce zan rubuta miki in na samu natsuwa, ban samu ba.

Uwargida Kaneva kuwa ita ta rubuto mini. Tambaya ta yi, ko na'urar ce ta lalace ko ɓarayin intanet ne suka shiga, don ta san ko za ta kira 'yan sanda. Na amsa mata a tsaye, da kalmomin da muke rubutawa a ofis sau goma a rana. A wajenmu wannan ba zagi ba ne, gurbi ne da ake jefa matsala a ciki don a san ta ina za a fara. Ban san za a karanta shi a kantin burodi ba. Ban yi tunanin wata yarinya ba sam.

Amma ba zan karɓi duka ba. Na rubuta baƙi a kan fari cewa kada a gyara mazubin. In ba ki gane ba, me ya hana ki tambaya? Ke da kike sa mu maimaita tambayar jarrabawa sau biyu kafin mu ɗauki alƙalami.

Zancen mazubi ɗaya kuma, ba hauka ba ne. Hoto, suna, kwanan wata, layi biyu na rubutu. Na mai rai haka yake, na mamaci haka yake. Duk wanda ya san aikin nan abu ɗaya zai gina ya yi amfani da shi ko'ina. Ke kika koya mini kada in warware lissafi ɗaya sau biyu.

Shekara uku ina riƙe da shafin nan. Mutane suna zuwa bakin teku ranar Lahadi, ni ina gyara hoton mamatan Yasika. Ban taɓa jin an ce sannu ba, sai dai an makara, an makara. Kin matsa mini na haɗa abin da na san bai nuna ba, ga sakamakon.

Zan cire allon gaba ɗaya. Ku koma aiko mini, in ɗora in na samu lokaci. Yara su koyi wani abin da ba ya kai mutane asibiti.

Boyan

*

Yasika, farkon Nuwamba

Boyan,

Na gode wa Allah da kake lafiya. Sanyi ya sauko, an fara hura murhu. Gwiwa tana nan yadda ka bar ta.

Sannu. Ga shi na faɗa, kuma da gaske nake. Shekara uku ba wasa ba ne, ya kamata in faɗa tun tuni. Lambarka kuma ba ni na bayar ba, amma bakina ne ya nuna hanya, wannan na ɗauka.

Yanzu saurara, don ban huce ba. Gaskiya ne na koya maka kada ka warware lissafi ɗaya sau biyu. Na kuma koya maka ka tabbata ɗaya ne kafin ka ce ɗaya ne, amma ranar kana kallon taga. Hoto, suna, kwanan wata. Wanda ya daɗe ba ya gida ne kawai zai ce katin biki da takardar rasuwa abu ɗaya ne don suna da gurabe iri ɗaya.

Da babanka ya rasu, wa ya liƙa takardarsa a ƙyauren gida? Mai ɗab'i ya buga ta, ya naɗe, ya miƙo mana. Bai bi mu gida da ƙusa ba. Kai ka liƙa ta. Ina riƙe maka ƙananan ƙusoshi a tafin hannuna, ka sa ta ta karkace, ka cire ka sake. Ta coci ni na liƙa, ta bishiyar dandali kawunka. Tun da nake a garin nan ban taɓa ganin bare ya liƙa takardar mamacin wani ba, ko fada ba ya yi. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, kowa ya sani ne kawai. Shi ya sa ba a taɓa binne mai rai a ƙofar coci ba. Mu kuwa, ni da kai, muka ɗauki ƙofar cocin muka kai intanet, muka bar wannan a baya. Koren maɓallinka kowa yana iya danna shi a kan uban kowa.

Ka ce za ka cire allon. In ka cire, Uwargida Kaneva ba ta ma buƙatar ƙuri'a, ka yi mata aikin. Kuma abin da Nevena za ta tafi da shi har tsufanta shi ne ta taɓa abu sau ɗaya ta kusa kashe mutum, manya suka ƙwace. Na ga yara da yawa da aka yi wa haka, na san inda suke ƙarewa. Ba za a yi wa wannan ba ina numfashi.

Ga abin da nake so, ba roƙo nake ba. Ka raba mazubin biyu, na masu rai da na matattu, ka kulle su yadda yaro ba zai iya gyara su da kuskure ba. Ka yi mana wurin da za mu ga abu kafin duniya ta gani. Takardar rasuwa kuma, yara su tsara ta, amma kada ta hau sai an aika wa wani na gidan mamacin, ya gani da idonsa, ya danna da yatsansa, ko yana Milan ko yana bayan coci. In ka iya buɗa wa tsohuwar sabarka ƙofa ɗaya, za ka iya buɗa ta biyu.

Sannan ka rubuta wa kwamiti wasiƙa ta mutane, ba ta ofis ba. Taron ranar Alhamis ne.

Goggonka duk da haka,
Rumyana

*

Porto, Nuwamba

Goggo Rumi,

Lafiya lau, sai rashin barci, kuma kin san dalili.

An yi. Mazubi biyu, a kulle. Akwai wurin gwaji mai rawayen gefe, abin da aka yi a can ba ya fita. Takardar rasuwa ba ta da koren maɓalli yanzu, sai gurbin sa lambar ɗan gida. Saƙo ya je masa, ya buɗe, ya gani, in ya yarda ya danna. In bai danna ba tana nan zaune.

Na kira gidan su Nevena. Uwarta ta wanke ni tas kafin ta miƙa mata. Yarinyar ta karɓa. Na ce mata abin da na rubuta wa Uwargida Kaneva ba daidai ba ne, kuma ina neman wanda zai yi ƙoƙarin ɓata sabon ginin kafin Alhamis, don ni idona ya saba da shi. Ta ce, "In na ɓata fa?" Na ce aikin ke nan. Ta ɓata shi sau biyu, na gyara.

Wasiƙar kwamiti tana haɗe da wannan. Na ce allon ya bari a gyara abin da bai kamata hannu ya kai gare shi ba, bai kuma yi gargaɗi ba, ni na gina shi haka, cikin gaggawa. Na ce duk wanda ya zauna a kujerar nan ranar, ko ni ne ban san shafin ba, abin da zai faru ke nan.

Amma na rubuta miki kada a taɓa mazubin. Wannan ba zan janye ba.

Boyan

*

Yasika, Nuwamba

Boyanco,

Gaisuwa da fatan ka rama barci. Ka rubuta, na ji, ba sai ka janye ba.

An yi taron. Na karanta wasiƙarka a tsaye. Uwargida Kaneva ta ce wasiƙa daga Fotugal ba ta saukar da hawan jini, kuma wanda ya faɗi magana biyu a wata ɗaya ba ta san wacce za ta riƙe ba. Ban ga laifinta a wannan ba. Mutum biyu suka gyaɗa mata kai, na ga ajina yana zamewa.

Sai ga Dyado Stamen ya turo ƙofa, ba wanda ya gayyace shi. Ya sa rigarsa ta zuwa coci. Ya ce kada kowa ya ɗauka yafiya ya kawo, 'yarsa ta kusa tafiya a kan ƙyaurensa, wannan ba ya yafuwa da wuri. Ya zo ne ya ga na'urar da ta kashe shi. Nevena tana zaune a bayana. Na ce ta tashi. Ta haska allon a bango, ta tsara takardar gwaji da hoton kyanwar Gidan Karatu, ta nuna inda take tsayawa tana jiran ɗan gida.

Tsohon ya matsa kusa da bango ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wato ran da na tafi da gaske, ba za ta hau ba sai Zlatka ta danna?" Nevena ta ce haka ne. Ya ce in ta ƙi dannawa fa? Ta ce sai ta zauna. Ya juya ya dubi kwamiti ya ce, "To ku bar yarinyar nan a wurin. Ita kaɗai ce a garin nan na tabbata ba za ta sake binne ni da garaje ba." Ya sa hularsa ya fita.

Mun tsira da rinjayen hannu ɗaya, zuwa bazara, sannan a sake dubawa. Rabin ɗakin ya tafi, an jera kayan masu rawa a bayanmu, muna aiki cikin warin maganin asu. Yara uku ba su dawo ba. Zlatka har yanzu ba ta ɗaukar wayata. Ban gama jin haushin layukan nan naka uku ba, kada ka ɗauka na gama. Amma Nevena ta zo da sassafe ranar aji, ta riga ni, tana jira a kan matakala.

Saura abu ɗaya. Jibi Asabar ɗin matattu ce, kuma babanka ya cika shekara uku. Nevena ta tsara takardarsa, ita ce ta farko a sabon mazubin. Ta tambaye ni lambar wa za ta sa. Ni ƙanwarsa ce, ina da iko in danna. Na ba ta taka.

Tana nan tana jiranka.

Goggonka,
Rumyana

*

Porto, Juma'a

Goggo,

Na buɗe, na daɗe ban danna ba. Hoton na katin masana'anta ne, ya tsane shi, yana cewa ya yi kama da wanda ake nema. Na tura wa Nevena wanda yake zaune ƙarƙashin inabi da tsohuwar hularsa. Ta canza kafin kofina ya huce, ta sake aiko mini. Baƙin gefen ya yi daidai, kada a rage.

Na danna.

Ta takarda kuma ki liƙa a ƙyaure a madadina, can sama inda ruwa ba ya taɓawa. In ta karkace ki cire ki sake.

Boyan